Wace al'ul ce wannan: ta Labanon, ta Atlas ko ta Himalaya?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masana itatuwa. Akwai wata bishiya a wani wurin shaƙatawa, allon sunanta ya goge, ba a iya karanta komai. Tsayinta zai kai mita 15 zuwa 18. Ba ta kaɗe ganye ko da lokacin sanyi. Ganyen kamar allura yake, a tattare tuntu-tuntu a jikin reshe, kore mai ɗan toka-toka. A rassan sama akwai wasu kwansuna masu siffar ƙwai, a tsaye suna kallon sama. Wasu sun ce al'ul ɗin Labanon ce, irin wadda ke jikin tutar ƙasar. Wasu kuma sun ce fain (pine, wata bishiya mai ganyen allura) ce kawai. Ta yaya ake tantancewa?

Malam_Gandu:
Wa alaikumus salam. Daga bayaninka, fain ta fita daga lissafi. Allurar fain a ɗaure take bibbiyu, uku-uku ko biyar-biyar, kuma gindin kowane ɗauri yana da 'yar riga kamar takarda da ta naɗe shi. Kwansonta idan ya nuna yakan karkata ko ya rataya, sannan ya faɗo ƙasa ɗungurungum. Abin da ka kwatanta, wato tuntu mai allura da yawa da kwanso a tsaye, na dangin Cedrus ne, al'ul ta gaskiya. Sai dai sanin cewa al'ul ce shi ne mai sauƙin. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Iri huɗu ne: Cedrus libani ta Labanon da Siriya da duwatsun kudancin Turkiyya, Cedrus atlantica ta duwatsun Atlas a Maroko da Aljeriya, Cedrus deodara ta yammacin Himalaya, sai Cedrus brevifolia ta tsibirin Kubrus. Uku na farko su aka fi shukawa a lambuna.

Hajiya_Furanni:
Malam_Gandu, a yi haƙuri, kada mu yi saurin rufe ƙofa. Akwai wasu itatuwa biyu masu allura, Larix da Abies, da ya kamata a kora tukuna. Larix ma tuntu-tuntu take yin allura, amma ita tana yin rawaya ta zubar da ganye gaba ɗaya kafin hunturu, allurarta laushi gare ta, kwansonta ƙanana ne kuma suna daɗewa a maƙale a reshe ba su wargaje ba. Tunda mai tambaya ya ce ba ta kaɗe ganye, wannan ta fita. Ta biyu Abies: ita ma kwansonta a tsaye yake, kuma a kan bishiya yake wargajewa, kamar na al'ul sak. Bambancin yana ganye. Allurar Abies ɗai-ɗai take fitowa, a baje take, kuma idan ka juya cikinta galibi za ka ga layi biyu farare. Ta al'ul kuwa idan ka murza ta tsakanin yatsa biyu za ta mirgina, don tana da kusurwa-kusurwa.

Malam_Gandu:
Gaskiyarki Hajiya, an karɓi gyara.

DanTsirrai:
Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja da baya kamar taku talatin ka dubi rassa. Ta Atlas ɗaga hannu take yi, rassanta na nufar sama. Ta Labanon shimfiɗa tabarma take yi, rassa a kwance hawa-hawa, kai a baje. Ta Himalaya kuwa sunkuyawa take, bakin kowane reshe na lilo ƙasa, har tsinin kanta ma a lanƙwashe yake kamar mai jin kunya. Shi ke nan, an gama.

Baba_Mai_Dashe:
DanTsirrai, yaro na, da abin haka yake da babu wanda zai sayi rula. Wannan ƙa'idar tana aiki, amma a kan bishiya mai matsakaicin shekaru wadda ta tashi a fili ita kaɗai. Ta Labanon ba ta baje kai sai ta manyanta ƙwarai. Tana ƙarama tsini gare ta kamar sauran, shekaru da dama tana nan a haka. Irin siffar da mutane ke riƙewa a ka ta tsofaffin bishiyoyi ce, kamar wadda aka dasa a lambun tsirrai na birnin Paris a 1734, da take nan har yau. A ɗaya ɓangaren kuma, ta Atlas idan ta tsufa ita ma rassanta kwantawa suke, kanta ya baje, ka rantse ta Labanon ce. Ta Himalaya ma da tsufa sunkuyon kan yakan ɓace. Ga kuma matsalar wuri: bishiyar da gini ko wata bishiya ta tare wa rana, ko wadda aka sare wa rassan ƙasa don masu wucewa, siffarta ba ta zama shaida. Kama da wane ba ta wane. Siffa tana ba ka zato ne, awo ke ba ka hujja.

Mai_Neman_Sani:
To Baba, me zan auna, kuma ta yaya?

Baba_Mai_Dashe:
Fara da allura, amma ka san wacce. Al'ul tana da tsiro iri biyu. Akwai dogon tsiro na bana a bakin reshe, inda allura ke fitowa ɗai-ɗai tana zagaye shi. Akwai kuma gajeren tsiro, wani ɗan guntun kututture da bai fi ƙwayar shinkafa ko wake ba, shi ke ɗauke da tuntun. Na tuntu za ka auna, daga ɓangaren reshen da ya shekara biyu ko uku, ba na baki ba, don na baki bai gama girma ba kuma tsayinsa ba ya da tsari.

Ka ciri tuntu biyar daga ɓangarori daban-daban na bishiyar, gefen rana da gefen inuwa. A kowane tuntu ka zaɓi allura huɗu mafiya tsayi, ka kwantar da su a kan rula. Ashirin ke nan. Ka rubuta mafi gajarta, mafi tsayi, da inda yawancinsu suka taru.

Ta Himalaya ita ce mai doguwar allura, galibi santimita 3 zuwa 5, kuma ta fi laushi, idan ka damƙi reshe ba ya sukarka sosai. Ta Atlas gajera ce, santimita 1 zuwa 2.5, mai tauri da tsini. Ta Labanon tana tsakiya, yawanci 2 zuwa 3, wani lokaci ta kai 3.5. Ta Kubrus da wuya ta wuce santimita ɗaya da rabi, kuma ba kasafai ake samunta a wuraren shaƙatawa ba. Za ka lura cewa iyakokin suna shiga juna. Idan awonka ya wuce 4, magana ta ƙare, ta Himalaya ce. Idan bai kai 2 ba, Atlas ta fi kusa. Tsakanin 2 da 3.5 kuwa sai an nemi shaida ta biyu.

Umm_Aisha_Lambu:
A ƙara da ƙirga allurar cikin tuntu. Na ga ana cewa ta Atlas ta fi yawa.

Malam_Gandu:
Ana faɗa, amma ni ba na ɗora hukunci a kai. Tuntu ɗaya yana iya ɗaukar allura goma sha biyar, wani a reshe guda ya haura talatin. Dalili shi ne allurar al'ul tana shekara uku zuwa shida kafin ta faɗi, gajeren tsiron kuma kowace shekara yana ƙara sabon zagaye a kan na da. Ke nan yawan allura ya danganta da shekarun tuntun da lafiyar bishiyar. Kwanso ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Na Atlas shi ne ƙarami, santimita 5 zuwa 8, kansa a daƙile, sau da yawa da ɗan lotsawa a tsakiya kamar an danna da babban yatsa. Na Labanon ya fi girma, 8 zuwa 12, ya ɗan tsuke ta sama, shi ma kan nasa a daƙile ko da 'yar lotsawa, kuma yakan yi naso da farin ƙaro. Na Himalaya 7 zuwa 13, mai kauri, kansa a zagaye kamar na ƙwai, ba lotsawa.

Injiniya_Bello_77:
Tambaya: kwanson yana can sama mita goma, ta ina zai sa masa rula? Kuma ku da kanku kun ce ba ya faɗowa ɗungurungum.

Hajiya_Furanni:
Ba sai an hau ba, Injiniya, kada ma a gwada. Abu uku ne. Na farko, a duba ƙasa. Idan kwanso ya nuna, faya-fayansa ke saɓulewa ɗaya bayan ɗaya, amma na can ƙololuwa sukan faɗo a haɗe, kamar busasshen furen wardi na katako. Wannan kan shi ake nema, don a jikinsa za ka ga ko akwai lotsawa ko babu. Na biyu, bayan faya-fayan sun zube, wani tsinke yana saura a tsaye a kan reshe kamar kyandir. Tsayinsa ya kusa tsayin kwanson, don haka idan iska ta karyo reshe mai tsinke, an samu awo kyauta. Na uku, a ɗauki hoto da waya a jawo shi kusa, a kwatanta tsayin kwanso da tsayin allurar da ke gefensa. Idan ka riga ka san allura santimita 2.5 ce, ka ga kwanso ya ninka ta uku, ka san wajen 7 zuwa 8 ne.

A kula kuma kada a ruɗe da kwanson namiji. Bishiya ɗaya takan fitar da duka biyun. Na namiji siriri ne kamar yatsa, santimita 3 zuwa 6, yana tsaye a rassan ƙasa, ya saki ƙura rawaya tsakanin Satumba da Nuwamba a arewacin duniya, sannan ya faɗo ya cika ƙasa kamar tsutsotsi. Wannan sakin ƙura a kaka ma alama ce ta al'ul, don yawancin danginta masu allura a farkon ɗumi suke sakin tasu. Amma ba ya raba iri ukun.

DanTsirrai:
Mai tambaya ya ce ganyen na da toka-toka. Ai wannan ta Atlas ce shuɗiya, wadda ake kira 'Glauca'. Ita ce ta cika lambuna.

Umm_Aisha_Lambu:
Zai yiwu, amma launi ba abin dogaro ba ne. Shuɗin nan wani siririn kaki ne a bayan allura, idan ka goge da yatsa kore zai fito. Yawansa yana canzawa da rana da shekaru: sabon tofo ya fi haske, gefen inuwa ya fi duhu. Akwai ta Atlas koriya shar, akwai ta Himalaya mai shuɗi-shuɗi, akwai ma mai ruwan zinariya da ake kira 'Aurea'. Al'ul ɗin duwatsun Turkiyya ma da yawa toka-toka ne. 'Glauca' ta ainihi daga nesa kamar an watsa mata toka ko azurfa take, ba "kore mai ɗan toka-toka" ba.

Dakta_Kimiyya:
Bari in ƙara wata alama da ba a ambata ba. A samo gilashin ƙara girma mai ninki goma, a dubi fatar dogon tsiron bana, tsakanin allura da allura. Na Atlas da na Himalaya suna da gajeren gashi a cike. Na Labanon sumul yake, ko gashin ya zama jefi-jefi. A duba tsiro biyar aƙalla, kuma na bana, don gashin yana gogewa idan tsiro ya kwana biyu.

Sannan mu faɗi gaskiya: masana kansu ba su daidaita ba. Wasu suna lissafa ta Atlas da ta Kubrus a matsayin rassan Cedrus libani, ba iri masu zaman kansu ba, saboda kusancinsu. A daji duwatsu da teku sun raba su, amma a lambu ana dasa su kusa da juna, iska ta kwashi ƙurar wannan ta kai wa waccan. Irin da aka tsinta a irin wannan wuri yana iya fitar da ruwa-biyu. Don haka akwai bishiyar da duk awon duniya ba zai ba ta suna ɗaya ba.

Sarkin_Noma_Jr:
Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda ake kiran itatuwa barkatai da sunan sida (cedar, sunan al'ul da Turanci). Katakon da ake yin fensir da akwatin tufafi ai shi ma sida ake ce masa.

Dakta_Kimiyya:
Sunan kasuwa ne ya jawo haka. Duk katako mai ƙamshi da ƙwari ba sa so sai a laƙaba masa sunan. Juniperus virginiana ta gabashin Amurka ita ce ta akwatin tufafi da fensir na da. Calocedrus decurrens ita ake yawan yin fensir da ita yanzu. Thuja plicata ta yammacin Amurka ta Arewa, Cryptomeria japonica ta Japan, har da Cedrela odorata wadda ma ganyenta fale-fale ne, dangin madaci ce. Babu ɗayansu da ke cikin Cedrus. Thuja da Calocedrus ganyensu ƙananan ɓawo ne da suka lulluɓe reshe, a baje kamar an goge da dutsen guga. Babu tuntu ko kaɗan.

Baba_Mai_Dashe:
A ƙasashe masu zafi kuma wasu biyu ne ke shiga rigar al'ul. Kasharina: abin da kake gani kamar allura a jikinta reshe ne siriri mai gaɓa-gaɓa, ja shi za ka ga ya tsinke a gaɓa. Sai Araucaria heterophylla mai rassa hawa-hawa a jere kamar an auna da ma'auni, ganyenta gajere ne a lanƙwashe, ya rufe reshe kamar igiya. Al'ul ta gaskiya 'yar tsauni ce, a gidanta tana tsakanin mita dubu da wani abu zuwa wajen dubu uku sama da teku, tana son sanyin hunturu. Ta Himalaya ta fi sauran jure zafi, amma a kwari mai zafi da laima duk shekara ko ita ba ta yin ƙarko.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai. Ga sakamakon awo. Allura ashirin: mafi gajarta 2.2, mafi tsayi 3.1, yawancinsu tsakanin 2.5 da 2.8. Tana da tauri, tana suka. An samu kan kwanso biyu a ƙasa, duka da 'yar lotsawa a tsakiya. Ta hanyar hoton da Hajiya ta koya, kwanson zai kai 8 ko 9. Rassan ƙasa a kwance suke, na sama sun ɗan ɗaga, tsinin kan a miƙe yake. Ban samu gilashin ba tukuna. Wani abu kuma: a wasu rassan ƙasa bakin tsiro ya bushe, allurar ta koma ruwan hoda-hoda.

Malam_Gandu:
To ta Himalaya ta fita: allura gajera mai tauri, kai a miƙe, kwanso da lotsawa. Saura biyu. Ni na karkata ga ta Labanon, don allurar Atlas ba ta cika haura 2.5 ba, kwanso 8 zuwa 9 kuma ya yi wa Atlas girma.

DanTsirrai:
Ni har yanzu Atlas nake gani. Rassan sama sun ɗaga, ga toka-toka. Kuma kwanson da hoto aka auna, kuskuren santimita ɗaya ba wuya.

Baba_Mai_Dashe:
A nan kam DanTsirrai yana da magana. Idan kwanso ya fi allurar da ka kwatanta da ita kusa da kyamara, zai fito ya fi girmansa. A sake hoton daga wuri biyu. Sai dai rassan sama su ɗaga a bishiya mai mita 15 ba hujja ba ce, ta Labanon mai tasowa ma haka take yi.

Hajiya_Furanni:
Ku bar suna tukuna, wannan bushewar ta fi damuna. Allura ta koma hoda-hoda sannan ruwan ƙasa, bakin tsiro ya mutu, wannan ya yi kama da cutar funfuna da ake kira Sirococcus tsugae, wadda ta fi kama ta Atlas, ko da yake tana taɓa sauran. Tana yaɗuwa da fantsamar ruwan sama, shi ya sa damina mai tsawo ke ƙara mata ƙarfi. A dubi matattun allura da gilashi, idan akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jikinsu, zargin ya ƙaru. A dubi reshe ko akwai wurin da ɓawo ya lotsa yana tsiyayar ƙaro. Abin yi shi ne masu kula da wurin su yanke rassan da suka kamu a ranar da babu ruwa, su yanka a cikin lafiyayyen itace ƙasa da inda ciwon ya tsaya, su goge almakashi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin yanka da yanka, su kwashe allurar da ta zube. Tabbatarwa kuwa sai ɗakin gwaji.

Umm_Aisha_Lambu:
Kafin a ɗora wa cuta, a duba abubuwa masu sauƙi. Idan allura na danƙo kuma reshe ya yi baƙi kamar hayaƙi, darɓa ce: ƙwarin suna tsotsar ruwan itace, suna zubar da zaƙi, baƙar funfuna ta hau kai. Idan kuma tsofaffin allura na can ciki ne suka yi rawaya suka zube, baki yana kore, wannan canjin ganye ne na al'ada. Wanda ya fi muni shi ne bishiya ta dusashe gaba ɗaya daga sama, wannan daga saiwa yake. Al'ul ba ta son ƙafarta a ruwa. Ƙasa mai riƙe ruwa, ko wadda ƙafafun mutane da motoci suka daddanne, ko na'urar ban ruwan ciyawa da ke jiƙa gindinta kullum, duk suna jawo ruɓewar saiwa.

Sarkin_Noma_Jr:
Idan mutum ya tsinci irin a ƙasa, zai tsiro? Kuma zai fito irin uwar?

Baba_Mai_Dashe:
Zai tsiro idan da ƙwaya a ciki. Kowane faifai yana ɗauke da iri biyu, kowanne da faffaɗan fiffike. Yanka guda biyar ka gani: mai kyau cikinsa fari ne a cike, yana warin ƙaro. Bishiyar da ke ita kaɗai takan ba da holoƙo da yawa. Irin yana da mai, ba ya son dogon ajiya, don haka a shuka da wuri. Cire fiffiken, jiƙa shi kwana ɗaya, haɗa shi da yashi mai ɗan danshi a leda, sa a firji wajen digiri 4 na mako uku zuwa huɗu. Shuka a zurfin santimita ɗaya cikin tukunya mai zurfi, ƙasa rabi yashi. Abin da ke kashe su a makonnin farko yawan ruwa ne: wuyan tsiron ya ruɓe ya kife. A bar saman ƙasa ya sha iska kafin a ƙara ruwa.

Batun kama da uwa kuwa, babu tabbas. Irin shuɗiya yana ba da 'ya'ya masu launi daban-daban. Shi ya sa masu renon dashe aure suke yi wa 'Glauca' da mai rassa masu zubowa, galibi a kan gindin ta Himalaya. Wannan ma ya tuna min: mai tambaya ya duba gindin bishiyar daf da ƙasa. Idan akwai kumburi ko layin da ɓawo ya canza kama, wurin aure ne, kuma bishiyar da aka yi wa aure a wurin shaƙatawa sau da yawa Atlas shuɗiya ce. Wanda zai dasa kuma ya ba ta fili, mita goma sha biyar daga gini bai yi yawa ba, don tana iya kai mita 30 zuwa 40, rassanta su yi faɗi sosai.

Dakta_Kimiyya:
Allura 2.5 zuwa 2.8 da kwanso 8 zuwa 9 sun faɗa daidai inda iri biyun suka haɗa iyaka. Ni a takarda zan rubuta Cedrus, mai yiwuwa libani, in bar alamar tambaya. Gashin tsiro ne zai karkatar da ni. Idan kuma hukumar wurin tana da kundin dashe, a tambaya, wani lokaci sunan da shekarar suna nan a rubuce.

Malam_Gandu:
Kundin ma yakan yi kuskure, Dakta, don abin da mai sayar da dashe ya rubuta shi ake kwafewa. Mai_Neman_Sani, idan ka samo gilashin ka turo mana hoton tsiro biyar na bana, da hoton gindin daga ɓangare biyu. Idan ka ci sa'ar reshe mai tsinken kwanso a ƙasa, ka ɗora shi a kan rula ka ɗauka.

DanTsirrai:
A haɗa da hoton bishiyar gaba ɗaya daga nesa, rana tana bayan mai ɗauka. Ina nan a kan Atlas sai na ga tsiron.